Tsamin Jini da Yadda Ya ke Juya Jijiyoyin Jiki

Kowace uwa ta san zafin jiki, ta san amai da gudawa, ta kuma san jijjiga, gama waɗannan alamu ne da ba su ɓuya. Amma akwai wata alama wadda ta fi su haɗari, mutane kuwa ba su cika kula da ita ba. Ita ce a ga yaro marar lafiya yana kwance, ba gudu ya yi ba, ba kuka ya ke yi ba, amma yana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya hau tudu da kaya. Sau da yawa mutanen gida su kan ce sanyi ne ya shiga ƙirjinsa, su shafa masa mai, su lulluɓe shi, su jira gari ya waye. Alhali kuwa sau da yawa ƙirjin lafiya lau ya ke. Jininsa ne ya yi tsami, jikinsa kuma yana ƙoƙarin fitar da tsamin ta hanci da baki. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a abin da a ke nufi da tsamin jini, da abin da ya ke yi wa jijiyoyi da zuciya, da dalilin da ya sa ba a jira da mai irin wannan numfashi.

Abin da A ke Nufi da Tsamin Jini

Kowace mai girki ta san tsami yana da kishiya. In yakuwa ta yi wa miya yawa, sai a jefa 'yar kanwa, tsamin ya kwanta. Masana kimiyya sun raba ruwaye kashi biyu bisa wannan hali, watau masu tsami da masu halin kanwa. A cikin 1909 wani masani na ƙasar Danmak mai suna Sorensen ya shirya ma'aunin da a ke auna su da shi, wanda a ke rubutawa da haruffa biyu, pH. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwa tsarkakakke yana tsakiya, a kan 7. Abin da ya sauka ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya haura kuwa mai halin kanwa ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, nono mai tsami wajen 4, jiƙon kanwa kuwa ya kan haura 9.

Jinin mutum mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, watau ya ɗan karkata wajen kanwa. Idan ya sauka ƙasa da 7.35 likitoci su kan ce jini ya yi tsami, ko da ya ke bai kai inda harshe zai ɗanɗana ba. Kada ƙanƙantar lambobin nan ta ruɗi mai karatu, domin kowace lamba guda a ma'aunin nan ninki goma ce. Saboda haka jinin da ya sauka daga 7.4 zuwa 7.1 tsaminsa ya ninka sau biyu ke nan. Wanda nasa ya sauka ƙasa da 6.8 kuwa, da wuya ya daɗe a raye in ba a agaje shi ba.

Inda Tsamin ke Fitowa, da Masu Tsaronsa

Jikin mutum kamar murhu ne wanda ba ya mutuwa dare da rana. Abinci ne itacensa, iskar oksijin da a ke shaƙa ita ke rura shi, hayaƙinsa kuwa ita ce iskar da a ke kira kabon dayoksaid, wadda za a riƙa ce mata iskar kabon a nan gaba. Babban mutum yana zaune kawai jikinsa na yin kimanin mililita 200 na wannan iska a kowane minti. In ta narke cikin jini sai ta zama tsami. Akwai kuma wani tsamin dabam da ke saura bayan jiki ya sarrafa nama da ƙwai da makamantansu, wannan kuwa ba ya fita ta numfashi.

Masu tsaro uku ne ke hana tsamin nan ya rinjayi jini. Na farko wani gishiri ne da ke narke cikin jinin kansa, sunansa bayikabonet, dangin kanwa ne, shi ya sa ya dace a kira shi kanwar jini. Ita ke fara tarar tsami nan take. Na biyu huhu ne. A gindin ƙwaƙwalwa da kuma cikin wuya akwai waɗansu 'yan gaɓoɓi masu ɗanɗana jini kullum, in sun ji tsami ya ƙaru sai su sa numfashi ya ƙara zurfi da sauri, iskar kabon ta fita. Wannan aiki na mintoci ne. Na uku ƙoda ce, wadda ke zubar da tsami cikin fitsari, ta kuma sabunta kanwar jini. Aikinta ya fi ƙarko, amma ya kan ɗauki kwanaki kafin ya kammala.

Jijiya da Ɗamararta

Tun 1628 likitan Ingila William Harvey ya nuna cewa jini kewayawa ya ke yi, ya fita daga zuciya ya zaga jiki ya komo. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, zuciyarsa kuwa tana tura kusan dukansa a cikin minti guda sa'ad da ya ke hutawa. Manyan jijiyoyi masu ɗauke jini daga zuciya su kan rarrabu kamar rassan itace, har su zama ƙanana waɗanda ido ba ya gani.

Kowace ƙaramar jijiya tana da tsoka da ta kewaye ta kamar ɗamara. Mutum ba shi da iko da wannan tsoka yadda ya ke da iko da ta hannunsa. A zaman lafiya ɗamarar ba ta tsuke sarai ba, ba ta kuma saki sarai ba, tana tsaka-tsaki, a shirye ta ke ta ƙara ko ta rage. Ɗan canji kaɗan a faɗin jijiya ya kan kawo babban canji a gudun jini. Wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille ya auna wannan a wajen 1840, aka gane cewa in faɗin bututu ya ninka sau biyu, ruwan da zai bi ta cikinsa zai ninka sau 16.

Mai lambu ya fi kowa gane wannan al'amari. Injin ban ruwa guda ne, magudana guda ce, amma fangali da yawa. Ba ya buɗe su duka gaba ɗaya. Sai ya buɗe bakin wanda ke bukata, ya toshe saura, domin ruwa ya riƙe ƙarfinsa. Ran da bakuna suka ɓalle duka a lokaci guda, ruwan ya kan bazu ya rasa ƙarfi, fangalin da ke can ƙarshe ko ɗigo ba zai samu ba. Zuciya ita ce injin, ɗamarar jijiyoyi kuwa su ne bakunan. Ƙarfin da jini ke tafiya da shi, wanda a ke aunawa a dantse a asibiti, ya dogara ga ƙarfin zuciya da kuma tsukewar ɗamarun nan.

Tsami Kaɗan a Wuri Guda Alheri Ne

A cikin 1880 wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, Walter Gaskell, ya gwada zuba ruwa mai ɗan tsami ta cikin jijiyoyin kwaɗo, sai ya ga sun saki sun buɗe. Da ya zuba mai halin kanwa sai suka tsuke. Daga baya aka gane dalili. Tsokar ɗamara ba ta tsukewa sai wani gishiri mai suna kalsiyam ya shiga cikinta. Tsami ya kan rage shigar kalsiyam, ya kuma sa tsokar ta rage jin wanda ya riga ya shiga. Ban da wannan, 'yar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya ta kan saki wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ita ma aikinta sassauta ɗamara ne.

Ga amfanin wannan a rayuwar yau da kullum. Manomi ya sunkuya yana huɗa, tsokokin hannunsa da na bayansa suna cin wuta ƙwarai, suna fitar da iskar kabon da tsami fiye da na sauran jiki. Wannan tsami, tare da zafi da waɗansu abubuwa da tsoka mai aiki ke zubarwa, shi ke sassauta ɗamarar jijiyoyin wurin. Sai jini ya kwararo, ya kawo oksijin da abinci, ya kwashe sharar. Jinin da ke bi ta tsoka mai aiki ya kan kai ninki 20 na wanda ke binta a lokacin hutu. Da manomi ya zauna a inuwa, tsamin ya wanke, sai ɗamara ta koma yadda ta ke. Watau gaɓar da ta fi wahala ita ke buɗe wa kanta bakin ruwa, ba tare da ta jira umurni daga ko'ina ba.

Akwai kuma alheri na biyu. A cikin 1904 Christian Bohr, shi ma mutumin Danmak, ya nuna cewa jan sinadarin da ke ɗauke da oksijin cikin jini ya kan sassauta riƙonsa inda iskar kabon ta yi yawa. Saboda haka a wurin da tsami ya ƙaru jini ya kan zo da yawa, ya kuma sauke kayansa da sauƙi.

Ƙwaƙwalwa da Huhu

Ba gaɓar da jijiyoyinta suka kai na ƙwaƙwalwa jin iskar kabon. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. A cikin 1890 Roy da Sherrington a Ingila suka kawo shawarar cewa sharar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa sa'ad da ta ke aiki ita ke buɗe jijiyoyinta. A cikin 1948 Kety da Schmidt a Amurka suka auna abin a jikin mutane. Da aka ba su iska mai ɗauke da kabon kashi 5 zuwa 7 cikin 100 suka shaƙa, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru da wajen kashi 75 cikin 100.

Wannan shi ya sa mai tsohon ciwon huhu, wanda numfashinsa ba ya fitar da iskar kabon sosai cikin barci, ya kan tashi da ciwon kai da safe. Shi ya sa kuma likitoci ke tsare numfashin wanda ya bugu a ka, gama ƙoƙon kai ba ya miƙewa, in jijiyoyi suka buɗe fiye da kima sai su matse ƙwaƙwalwa. Akasin wannan ma kowa ya taɓa gani. Wanda ya daɗe yana hura wuta da baki ya kan ji jiri, idonsa ya yi duhu. Ya fitar da iskar kabon fiye da kima ne, jininsa ya karkata wajen kanwa, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suka tsuke. Haka ke faruwa ga wanda firgita ta sa shi haki, har yatsunsa su yi ta tsirawa su ƙage. In ya natsu numfashinsa ya lafa, sai ya warware.

Huhu kuwa ya saɓa wa sauran jiki. A cikin 1946 von Euler da Liljestrand a ƙasar Suwidin suka nuna cewa jijiyoyin huhu tsukewa su ke yi in oksijin ya ragu, daga baya kuma aka tabbatar tsami yana ƙara wannan tsukewa. Hikimar abin a fili ta ke. Huhu wurin ɗaukar iska ne, saboda haka sashen da ciwo ya toshe ba shi da abin da zai ba jini, gara a karkatar da jinin zuwa sashe mai lafiya. Amma in tsami ya game jiki, jijiyoyin huhu duka su kan tsuke, zuciya ta sha wuyar tura jini ta cikinsu.

Idan Tsami Ya Game Jiki

Abin da ke alheri a wuri guda ya kan zama masifa in ya game ko'ina. Da fari jiki ya kan yi ta maza. Ya kan saki sinadarin adirenalin, wanda ke sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin fata su tsuke, domin a tattara jini wajen ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa sau da yawa a kan ji hannu da ƙafar majinyaci sun yi sanyi. Amma in ma'auni ya sauka ƙasa da wajen 7.2, ita kanta zuciya ta kan raunana, domin tsokarta ma da kalsiyam ta ke aiki. Ɗamarun jijiyoyi kuma su kan daina jin kiran adirenalin, su saki gaba ɗaya. Injin ya gaji ke nan, bakuna kuma sun ɓalle.

Daga nan ƙarfin jini ya kan faɗi. Gaɓoɓin da jini bai ishe su ba sai su koma ƙona abinci ba tare da isasshen oksijin ba, su fitar da tsamin laktik, irin wanda ke cikin nono. Sabon tsamin ya ƙara raunana zuciya da jijiyoyi, jini ya ƙara ja baya, ƙoda ta rasa jinin da za ta tace, fitsari ya ɗauke. Wani gishiri kuma mai suna fotasiyam ya kan taru cikin jini, ya rikita bugun zuciya. Haka ciwon ke ciyar da kansa, kowace sa'a ta fi ta baya muni. Wannan shi ne dalilin da ya sa jira har gari ya waye ya kan jawo asarar rai.

Cututtukan da ke Kawo Shi

Na farko gudawa mai tsanani, musamman kwalara. Ruwan hanji yana da kanwar jini da yawa, mai gudawa kuwa zubar da ita ya ke yi tare da ruwa da gishiri. A ƙarshen 1831 wani saurayin likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin masu kwalara a Ingila, ya tarar ya rasa ruwa da gishiri da kanwarsa. A cikin 1832 Thomas Latta a garin Leith na Sukotlan ya ɗura wa masu ciwon ruwan gishiri da soda ta jijiya, aka ga waɗanda suka kusa mutuwa sun buɗe ido sun yi magana, ko da ya ke da yawa daga cikinsu sun sake faɗuwa. Asalin ƙarin ruwa na asibiti ke nan. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a cikin 1970, ta yi ɓarna mai yawa a Nijeriya a cikin 1971, har yanzu kuma ta kan ɓulla, musamman da damina.

Na biyu ciwon sukari da ba a kula da shi ba. In sinadarin insulin ya yi ƙaranci, jiki ya kan koma ƙona kitse, wannan kuwa ya kan bar tsami mai yawa. Likitan Jamus Adolf Kussmaul shi ya siffanta zurfin numfashin masu wannan hali a cikin 1874, har yau da sunansa likitoci ke kiran irin numfashin.

Na uku zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga su kan manne a ƙananan jijiyoyi su toshe su, jini kuma ya ƙare, gaɓoɓi su rasa oksijin. Binciken da aka yi a asibitin Kilifi a ƙasar Kenya, wanda aka buga a cikin 1995, ya nuna cewa wahalar numfashi da gushewar hankali su ne manyan alamun yaran da ke bakin mutuwa, aka kuma gane cewa tsamin jini ne ke kawo yawancin wannan numfashi.

Na huɗu kasawar numfashi. A annobar shan inna ta 1952 a birnin Kofanhagan na Danmak, cikin mutum 31 na farko da ciwon ya shanye musu numfashi 27 suka mutu. Likita Bjorn Ibsen ya gane iskar kabon ce ke taruwa cikin jininsu. Aka sa ɗaliban likitanci suna matsa musu jakar iska da hannu dare da rana, mutuwa ta ragu ƙwarai.

Ban da waɗannan akwai mutuwar ƙoda, da zubar jini mai yawa, da ƙwayar cuta in ta shiga jini, da kuma shan asfirin fiye da kima.

Kanwa da Tsamiya

Kada wani ya ɗauka cewa kunun tsamiya ko lemo ko fura da nono su ke tsamama jini. Cikin mutum ya fi su duka tsami, masu tsaron nan uku kuma sun fi ƙarfin abin da ke cikin ƙwarya. Mai lafiyar huhu da ƙoda ya ci abincinsa hankali kwance. Haka kuma jiƙon kanwa ba ya maganin tsamin jini, gama bai taɓa tushen ciwon ba. Yawan shanta ma yana da lahani, domin gishirin da ke cikinta ya kan tara ruwa a jiki. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa tare da wankan jego mai zafi ƙwarai suna da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ko a asibiti ba kowane mai tsamin jini a ke ɗura wa bayikabonet ba. Abin da a ke yi shi ne a kashe tushen: ruwa ga wanda ya bushe, jini ga wanda nasa ya ƙare, insulin ga mai sukari, allurar zazzaɓi ga mai zazzaɓi, taimakon numfashi ga wanda huhunsa ya gaza. Da jini ya koma gudu sosai, jiki da kansa ya kan share tsamin.

Abin da Ya Kamata A Yi

1. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi tun daga zawo na farko, a dama shi da ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. A cikinsa akwai gishirin da jiki ke mayarwa kanwar jini. Jariri kuwa kada a hana shi mama.

2. A buɗe ƙirjin yaro marar lafiya a dubi numfashinsa sa'ad da ya ke shiru. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1 in ya kai numfashi 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ya yi sauri. In kuma numfashin yana da zurfi, haɗarin ya ƙaru.

3. Zurfin numfashi tare da magagi, ko sanyin hannu da ƙafa, ko ɗaukewar fitsari, ko kasa shan ruwa, alama ce ta a tafi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

4. Mai ciwon sukari kada ya bar allurarsa domin ba ya cin abinci. In amai da ƙishirwa da haki suka same shi, a kai shi ga likita a ranar.

5. Kada a ba ƙananan yara asfirin domin zazzaɓi. Kada kuma a ɗura wa wanda ya suma kome ta baki.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwa da malaman makaranta su sa a karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman iyaye mata da ungozomomi, gama su ne ke kwana da marasa lafiya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da aka kai asibiti tun jijiyoyinsa suna riƙe da ɗamararsu, ruwa da magani kaɗan su kan tashe shi da yardar Allah.